Ɗiyar Wa Ce?

Tun shekarun da kuɗin man fetur suka iso har Kebbe, aka rufa wa masallacin unguwa kwano aka ɗaura masa lasifika, Malam Gidaɗo ke hawa kujerar tafsirin azumi. Lasifikar ta mutu an sayo wata, ita ma ta mutu. Kwanon ya yi tsatsa an sauya shi. Malam dai yana nan da rawaninsa da tabarau mai ɗaurin zare, yana fassara aya sannu a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba ya sauri, don haka ba ya saukewa a azumi guda. Inda ya tsaya bara, nan yake tashi bana. Bara kuwa an ga watan Salla ne Annabi Yusufu yana kurkuku, kuma tun daga lokacin Malam yake cewa bai kyautu a bar bawan Allah a can ba.

Ana cikin watan Sha'aban Alhaji Ɗanmaliki, shugaban kwamitin masallacin, ya aika a kira masa Sauda.

Sauda ita ce autar Malam. Tana koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal, inda take zana kwamfutar a allo, saboda ta gaskiyar tana kulle a ofis don kada ta lalace. Ƙarshen mako take zuwa gida. Ta sami Alhaji a shagonsa na taki da maganin feshi, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Ɗiyata, ke na kira don ke kinka yi boko," in ji shi. "Wagga magana ba a iya kai ta gaban Malam."

Ya miƙo mata waya. Wani matashi ne a ciki da farar hula, yana nuna mai kallo da yatsa kamar ya kama shi da akuyar wani.

"Ustaz Sambo ke nan, na Dogon Daji. Ko atishawa ya yi sai jama'a sun taru suna yi mai addu'a. To yaranmu da ke Abuja da Legas, su sunka sa muna sola, su ka sawo tabarmi. Sun ce suna son ganin tafsirin garinsu cikin waya. Anka nemi Malam, babu shi. Ko hotonai babu."

"Yana nan zaure, Baba Alhaji."

"Zaure ba ya cikin waya, ɗiyata."

Maganar dai ita ce, in kafin a ga wata Malam ya bayyana a waya da jama'a a bayansa, kujera tana nan tasa. In kuwa ba haka ba, kwamiti ya riga ya yi magana da Sambo.

Da ta koma gida ta tarar Malam ya fito da littattafansa yana kaɗe musu ƙura, an kuma shanya babbar rigarsa ta azumi a igiya. Ta tsaya ta kalli rigar. Sannan ta wuce ciki.

A Tambuwal, kusa da tasha, akwai shagon wani saurayi Na'iya. A jikin allonsa an rubuta gyaran waya, da tura karatu, da tallata malamai. Malamai da dama sun bi ta hannunsa sun yi suna, har akwai wanda a da kifi yake soyawa. Sauda ta je bayan an tashi makaranta, ta tsaya daga bakin ƙofa har sai da ya gaji ya ce ta shigo.

"Malama, addini abu ne mai kyau, amma ɗan yatsa ba ya jira," in ji Na'iya. "Mutum yana kwance yana shafar waya. In malaminki ya tsaya hamdala da salati da yi wa malamansa addu'a, an wuce shi an kai ga mai rawa. Yana da wanda yake yi wa raddi?"

"A'a."

"Yana kuka in yana wa'azi?"

"A'a."

"Faɗa fa? Ko da ɗan buga tebur?"

"Ba shi da tebur."

Na'iya ya sosa ƙeya. "To sai mu rubuta Shaihi Dakta. Kafin a bincika azumi ya wuce."

"Ba za a rubuta ba."

"To Shaihi kawai. Ke kika rage wa kanki." Ya juya cazar waya a hannu. "Tambaya da amsa za mu yi, kai tsaye. Mutane suna son su ji an yi maganar aure da aljanu. In Allah ya sa ya faɗi abin da za a yi gardama a kai, mun tsira."

Shawo kan Malam bai yi wuya ba. Sauda ta ce masa akwai mutanen nesa da ke son yi masa tambaya ta waya. Ya ce ilimi ba a hana shi mai nema. Zancen kujera kuwa ta bar shi a cikinta.

Ranar Asabar da hantsi Na'iya ya iso a kan babur, ya yi buɗu-buɗu da jar ƙasar hanya, ɗauke da fitila mai siffar zobe da wani naɗaɗɗen labule. Ya zagaya gidan yana ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji. Babu sabis a zaure, babu a tsakar gida. Sai a jikin rumbu, kusa da turken awaki, aka samu. Nan ya rataya labulen, sai ga hoton kantoci cike da manyan littattafai masu ruwan zinari.

Malam ya fito, ya tsaya yana dubawa. Ya kai hannu zai zaro ɗaya, yatsunsa suka taɓa yadi.

"Waɗanga littattafan na wa?"

"Na kowa ne, Allah gafarta Malam."

"To, Allah shi amfana."

Ya zauna inda aka nuna masa. Nasa littattafan na gaskiya, masu bangon fata, Na'iya ya ce a matsar da su gefe don sun yi duhu.

Akwai abin da duk mutumin Kebbe ya sani game da Malam Gidaɗo, wanda Sauda ta san shi sarai amma ta manta ta faɗa wa Na'iya. Malam ba ya amsa tambaya sai ya san mai ita. Ko yaron maƙwabta ne sai ya zauna, an ji ɗan wane ne, me yake yi, me ya kawo tambayar. Yakan ce tambaya tana iya zama ɗaya amma masu ita daban-daban, kuma maganin da ya warkar da wani shi ke kwantar da wani. A kan wannan hali mutane sukan wuni a zaurensa saboda tambayar da ba ta fi layi guda ba, su fito ba su yi ƙorafi ba.

Aka kunna fitila. Malam ya yi hamdala, ya yi salati, ya shiga jero malamansa ɗaya bayan ɗaya yana nema musu gafara. Na'iya ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. Masu kallo ba su kai cikin sahu guda ba, a cikinsu har da Sauda da ke riƙe da tata wayar don karanto tambayoyi. Can ta hangi Na'iya ya juya baya yana danne-danne, sai ga tambaya ta faɗo.

"Baba, wata ce mai suna Gimbiya Zee. Ta ce mijinta ya turo mata saƙo cikin fushi cewa ta tafi gidansu, daga baya ya goge saƙon. Wai ta saku ko ba ta saku ba?"

Malam ya gyara zama. Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa wayar.

"Ɗiyar wa ce?"

"Ba ta faɗa ba, Baba."

"Zee ɗin nan, sunan ubanta na ko na gari?"

"Suna ne dai na waya."

"To mijin yana nan kusa? A ba shi in ji abin da yan nufa."

"Allah gafarta Malam," in ji Na'iya cikin raɗa, "a dai ba da amsa a taƙaice. E ko a'a."

"Auren mutane nika cewa e ko a'a ban gan su ba?" Malam ya sake duban wayar, ya ɗaga murya yadda yake yi wa masu nauyin ji. "Ke yarinya, in kina jina, ki zo Kebbe ke da mijinki. Ku tambayi gidan Gidaɗo, kowa ya sani. In babu kuɗin mota ku faɗa. Kada ki bar ɗakinki, kada kuma ki saki jiki, sai mun gana."

Wani bunsuru ya yi kuka daga bayan littattafan. Aka rufe shiri.

Kafin Sauda ta koma Tambuwal, Na'iya ya yanke wannan wurin daga bidiyon, ya ɗora masa rubutu da jajayen haruffa, ya sake shi. Abin ya kama kamar wutar daji. Da farko 'yan Kebbe ne ke turawa juna, daga nan Sakkwato, daga nan inda ba a san ma akwai Kebbe ba. Samari suka riƙa naɗa zanin gado a ka suna matso da hanci jikin waya suna cewa ɗiyar wa ce. Aka sa wa muryar kiɗa. Sauda ta shiga aji ta tambayi wata ɗaliba ina aikin gida, sai ta ji daga baya an ce a hankali, "Ɗiyar wa ce?" Ajin ya fashe da dariya. Ta juya ga allo ta ci gaba da zana kwamfuta, ta daɗe tana gyara kusurwa ɗaya.

Alhaji Ɗanmaliki kuwa har waya ya bugo mata. "Ɗiyata, kin fidda mu kunya! An ce Malam ya wuce Sambo. Yaran Abuja sun ce a yi haka kowace Asabar, in azumi ya kama a yi kullum bayan tafsiri. Kujera tasa ce, in dai an ci gaba."

Sai dai ba a ci gaba ba. Asabar ta zagayo, Na'iya ya rataya labule, Malam ya ƙi fitowa daga zaure.

"Uwata," ya ce wa Sauda, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "yarinyar nan ta zo?"

"Ba ta zo ba tukuna, Baba."

"To ba a ɗora kaya bisa kaya. Ta tambaye ni, tambayarta na wuyana. Sai na sauke ta kana in ɗauki wata."

Na'iya ya yi magiya, ya ce akwai tambayoyi masu daɗi a kan aljanu suna jira. Malam ya ce aljanun su yi haƙuri. Haka Na'iya ya naɗe littattafansa ya ɗaure a bayan babur.

Ranar Litinin Sauda ta je shagon Na'iya. Ta ce ya taimaka ya nemo mata matar, ko lamba ce, ko sunan gari.

Na'iya ya dube ta, ya ga da gaske take. Ya jawo aljihun tebur ya fito da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya ajiye a gabanta.

"Ga Gimbiya Zee," in ji shi. "Ga kuma Abu Mujahid a ciki, da Maman Hanan, da wani Injiniya. Duk suna gaishe ki."

Sauda ta kalli wayar.

"Malama, kada ki dube ni haka. Kowane malami da haka ya fara. Ko a kasuwa sai 'yan gida sun fara tayawa kafin baƙo ya tsaya. Da na jira mai tambaya na gaskiya, da har yanzu mahaifinki yana jero malamansa." Ya mayar da wayar aljihun tebur. "Kuma abin ba wuya. Mata yake so, a kai masa mata. Akwai Hadijatu da muke wasan barkwanci da ita, ta iya kuka ba a taɓa ta ba. Miji kuwa ga ɗan ƙanen babana yana zaman banza. Su je, ya yi musu nasiha, mu ɗauka. Gimbiya Zee ta bayyana! Wannan sai ya fi na farko. Malam ya sauke nauyi, ke kin sami kujera. Wa aka cuta?"

Sauda ta tuna rigar Malam da ke shanye a igiya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta gyara mayafi ta fita. A wurin Na'iya wannan e ce. Kafin Juma'a ya buga wa Alhaji Ɗanmaliki cewa an gano matar, Alhaji kuwa ya taka da kansa ya kai wa Malam albishir.

Da safiyar Asabar Sauda ta sauka daga babur a ƙofar gida, ta ga an share zaure an yayyafa ruwa. An shimfiɗa tabarmi biyu, ɗaya a gaban buzun Malam, ɗaya daga gefe inda mace za ta zauna ba a takura ta ba. Ga ƙwaryar fura an rufe da faifai. Malam yana zaune cikin rigar azumin, wadda bai saba sawa ba sai an ga wata. Littattafai uku suna buɗe a gabansa, an saƙala tsinken tsintsiya a shafuka.

"Uwata, kin iso? Sun taso?"

"Suna hanya, Baba."

"Madalla. Yarinyar nan ta tsaya mini a rai. In saki na, idda na tafiya ba ta sani ba. In ba saki ba na, tana can tana zubar da hawaye a banza. Na duba maganar malamai, duk ta koma ga abin da yaron yan nufa. In sun zo ki shiga da ita ciki ta sha ruwa tukuna. Kuma ki ce wa mai fitila ya bar ta waje. Sirrin aure ba a haska shi."

Sauda ta durƙusa a bakin tabarmar da aka shimfiɗa wa matar. Sabuwa ce, har yanzu tana ƙamshin kaba. Ta san in ta yi shiru, kafin azahar an gama komai. Hadijatu za ta yi kukanta, Malam zai yi nasiha, ko ba a ɗauka ba zai koma gaban labule, kujera ta zauna. Ta ga ya sake jawo littafi yana bin layi da yatsa, leɓunansa suna motsi.

"Baba."

"Na'am."

"Babu matar."

Yatsan ya tsaya.

"Na'iya ne ya rubuto tambayar da wata wayarsa da yake ajiyewa a aljihun tebur, don shirin ya yi armashi. Waɗanda ke tafe 'yan wasa ne. Na sani tun Litinin."

Malam ya cire tabarau, ya riƙe shi a hannu. Daga waje ana jin wata mai tallan nono tana wucewa.

"Babu ita?"

"Babu."

"Mijin fa?"

"Shi ma babu."

Ya sauke numfashi mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka. "Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe ba auren da ya taɓu." Ya shiga zare tsinkayen daga littattafan ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a gefe. "Shi Na'iyan, ɗan wa ne?"

"Ban sani ba, Baba."

"Yana da iyali?"

"Bai yi aure ba."

"Shi ya sa. Allah shi ba shi ta gari."

Sai ta faɗa masa sauran, zancen kwamiti da yaran Abuja da Ustaz Sambo, da cewa in bai koma gaban fitila ba kujera ta tafi. Tana magana tana kallon tabarma.

"Wannan na sani," in ji Malam. "Ɗanmaliki ya faɗa wa kowa ban da ni, Kebbe kuwa ba ta da girma. Na ga kina ta wahala, na ce in bar ki ki sami ladarki." Ya mayar da tabarau. "Amma ba ni komawa. Yanzu ko mutum na gaskiya ya tambaya, ban san ko shi ne ko aljihun tebur ba."

Ba a jima ba babura biyu suka tsaya a ƙofa. Hadijatu ta shigo da dogon hijabi, ta riga ta fara jan hanci tun daga waje. Malam ya yi musu maraba, ya ce sun sha hanya, ya tura musu ƙwaryar fura. Ya tambayi kowannensu ɗan wane ne, suka faɗa, ashe ya san kakan mijin aron. Hadijatu ta rasa inda za ta sa kukan, ta shanye shi tare da furar. Da suka ƙoshi ya yi musu addu'a, ya ce su gaida gida. Na'iya yana waje riƙe da fitilarsa, ita ma furar an miƙa masa.

Aka ga wata. Ranar farko bayan la'asar masallaci ya cika har waje. Ustaz Sambo ya hau kujera, fitilu biyu a gabansa, ya fara daga farkon Alƙur'ani da murya mai ƙarfi. Sauda tana sashen mata, tana hangen sahun gaba ta wata ɓular labule. Malam Gidaɗo yana zaune a ƙasa cikin rigarsa ta azumi, ya tanƙwashe ƙafa yana saurare. Wani mai ɗaukar hoto ya sunkuyo ya ce masa rawaninsa yana tare musu. Malam ya ce to, ya matsa gefe.

Washegari da hantsi Sauda tana tankaɗen garin kunu a tsakar gida, sai ta ji Malam ya kira ta. Ta tarar da shi a zaure a kan buzunsa, da wasu tsofaffi abokansa da ba su kai cikin tabarma biyu ba. Tabarmar gefe tana nan inda aka shimfiɗa ta.

"Zauna nan, Uwata," in ji shi, yana buɗe littafin inda ya tsaya bara. "Bawan Allah ya daɗe a kurkuku. Mu je mu fiddo shi."

Ta kakkaɓe garin hannunta a zani, ta zauna. Malam ya yi hamdala, ya yi salati, ya fara jero malamansa tun daga na farko.